Yadda Na Sa Sunan Ɗan Ƙanwata A Jerin Ɓarayi

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ɓoye sunana da sunan garinmu. Ni ba ni da sauran abin ɓoyewa, domin a garinmu kowa ya san abin da na yi, amma akwai yaron da labarin ya shafa, kuma tonon asirin da ya sha ta dalilina ya isa haka. A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne mai shekara talatin da ƴan kai, ina zaune a wani ƙauye na yankin Gazawa, ina noman gero da aya kamar kowa. Abin da ya bambanta ni da sauran mutanen gari shi ne na yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida. Ban ci jarrabawar wucewa gaba ba, amma na fito ina iya karatu da rubutu, ina kuma tsintar Faransanci daidai gwargwado. Saboda haka mai garinmu, wanda tsoho ne da bai yi boko ba, ya jawo ni jikinsa. Ni ke karanta masa takardun da ke zuwa daga buro, ofishin hukuma ke nan, ni ke rubuta masa amsa. Mutane suka sa mini suna Sakatare, sunan kuwa ya shiga kaina. Ba na fita sai da bik na rubutu a aljihun gaba, ko da gona zan je. Ina da wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, da nake rubuta duk ƙarar da aka kawo ƙofar mai gari, babba da ƙarama. Ba wanda ya sa ni. Ni dai ina jin daɗin a gan ni ina rubutu lokacin da dattawa ke magana.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya tafi ci-rani arewa, shekarar farko yana aike, daga baya labarinsa ya ɗauke, har yau ba mu san ko yana raye ba. Ya bar ta da yara huɗu. Babbansu namiji ne, sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka ba mu iya kiran sunan, sai dai mu ce Baba ƙarami. A lokacin yana da shekara goma sha biyar. Yaro ne mai hannu. In rediyon wani ya yi shiru ko fitilar hannu ta ƙi kamawa, shi ake nema. Ranar kasuwa ba ya yawo da sauran yara, rumfar wani bakanike mai gyaran moto, wato babur, yake zuwa ya tsuguna yana miƙa masa ƙarfe, har mutumin ya fara barinsa yana kwance taya da kansa. Akwai wasa sosai tsakanina da shi. In ya gan ni da kayena sai ya tare ni ya ce wai Kawu Sakatare a rubuta, yau ya ci tuwo malmala biyu kuma bai ƙoshi ba, a kai ƙarar uwarsa wurin mai gari. Ni kuma in ce masa ranar da na rubuta sunansa ranar zai san ya shiga hannu. Mu yi dariya mu rabu.

Ga wanda bai san noman aya ba, in an ƙone ganyenta an tone ƙasa an rairaye, duk yadda aka yi sai wata ta rage cikin yashi. Wannan ragowar ta yara ce da tsofaffin mata, ita muke kira kala. Tun kakanni haka ake yi. Sharaɗi ɗaya ne, sai mai gona ya ce ya gama ya saki gonarsa sannan a shiga. Wata kaka, Baba ƙarami da abokansa biyu suka shiga gonar wani tsohon Alhaji na garinmu suka fara kala, alhali saura kwana ɗaya ya sake ta. Alhajin mutum ne mai kaifin baki, ya kawo su ƙofar mai gari yana faɗa, yana cewa yaran yanzu ko kurciya ta fi su haƙuri. Mai gari ya yanke cewa su yi masa rairayar aya kwana biyu a ɗayar gonarsa. Suka yi. Ranar da suka gama shi da kansa ya sa aka dama musu fura, ya auna wa kowannensu tiya guda ta aya, ya ce wa Baba ƙarami ya kai wa uwarsa, ya kuma gaya mata ɗanta ya fi jakinsa aiki amma jakin ya fi shi jin magana. Magana ta mutu a nan, kowa ya manta. Kayena ne kawai bai manta ba.

Bayan kaka aka tara masu gari da masu rubuta musu a buron magajin gari. Wasu baƙi ne suka zo, namiji da mace, daga wani furoje, wato wani shiri da ke aiki kan yara. Suka ce suna son sanin yawan yaran da ba su kai shekara goma sha takwas ba da suka aikata laifi a kowane gari cikin ƴan shekarun nan, da irin laifin, da abin da muke gani ya jefa su. Suka raba mana takarda mai layi-layi. Akwai wurin suna, da sunan uba, da shekaru, sai ƴan akwatuna da za a yi wa alama: sata, faɗa da rauni, shan ƙwaya, ɓarnar dukiya. Dole in faɗi gaskiya a nan, baƙin ba su yi mana alkawarin komai ba. Matar ma ta maimaita cewa abin da ya faru kawai za mu rubuta. A hanyar dawowa ne, cikin motar kasuwa, wani sakataren wani gari ya ce shi ya san irin waɗannan mutane, garin da ya fi yawan yara masu laifi shi za a gina wa wurin koyon sana'a, da kekunan ɗinki da kayan walda da na gyaran moto. Ban tambaye shi inda ya ji ba. Na riƙe maganar kamar a takarda na karanta ta.

In gaskiya za a bi, yara huɗu ne a garinmu da za a ce sun lalace. Su ne ke bin masu fasa-ƙwaurin isansi, wato fetur, zuwa bakin iyaka, can suka koyo shan ƙwayar tiramol, in abin ya ci su kuma sai akuyar wani ta ɓata. Na san gidajensu duka. Biyu ubanninsu na ci-rani, ɗaya gonar gidansu an raba ta tsakanin magada har ba ta ciyar da kowa, ɗaya kuwa ya gama aji shida kamar ni, ba wurin zuwa, daga kaka zuwa damina ba abin yi sai zaman fadar samari ana dafa shayi. Da na rubuta waɗannan huɗun na tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma na dubi suna huɗu a kan doguwar takarda na ga ba za su kawo mana ko ƙusa ba. Sai na buɗe kayena. Yaron da jakinsa ya kwance ya ci waken maƙwabci, na sa shi a ɓarnar dukiya. Yara biyu da kokawar dandali ta zame musu dambe har ɗaya ya fasa leɓe, na sa su a faɗa da rauni. Takardar ba ta da akwatin kala, ba ta da akwatin abin da aka sasanta a ƙofar mai gari aka sha fura aka tashi, saboda haka duk wanda ya taɓa abin wani, ko mangwaro ne, na yi masa alama a sata. Kafin la'asar na cika shafi biyu.

Sunan Baba ƙarami shi na sa a layin farko, kuma da gangan na yi. Tunanina shi ne in an zo ɗaukar yaran da za a koya wa gyaran moto, daga sama za a fara. Na rubuta sunan mahaifinmu da hannuna, na yi alama a akwatin sata, raina fari ƙal. Na kai wa mai gari, ya tambaye ni ko abin da ke akwai na rubuta, na ce ranka ya daɗe ba abin da na ƙara, duk yana cikin kaye. Ya dangwala yatsa. Da yamma na biya gidan ƙanwata na ce mata ta kwantar da hankalinta, na samo wa Baba ƙarami hanya, nan gaba kaɗan zai zama bakanike mai takarda. Ban gaya mata wace hanya ba ce. Ta yi ta sa mini albarka, tana cewa Yaya ko uban yaran yana nan iyakar abin da zai yi ke nan. Daga baya na ji abin da garin da ke maƙwabtaka da mu suka yi. Mai garinsu ya ce kunyar ƴaƴansu ba ta hawa takarda, sakatarensa ya rubuta babu, ya mayar. Alhali kowa a yankin ya san yawancin awakin da ke ɓata ta bayan garinsu ake bi da su. Har dariya na yi musu a raina, na ce sun yi wa kansu asara.

Rani ya wuce, ba wurin koyon sana'a, ba labarinsa. Abin da ya zo shi ne wani shiri a rediyo. Muna zaune gindin itacen bedi da hantsi sai muka ji ana bayanin cewa laifin yara na ƙaruwa a yankinmu, aka karanto adadi, aka ce garinmu ne kan gaba, aka kuma yaba wa maƙwabtanmu cewa su ba a samu ko yaro ɗaya ba, ya kamata a je a koyi tarbiyya a wurinsu. Wani baƙo da aka gayyata cikin shirin ya yi ta bayanin dalilan da suka sa yaran garinmu suka fi lalacewa, mutumin da bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba. Wani dattijo ya juyo ya tambaye ni daga ina suka samo wannan, na ce su mutanen birni haka suke, sai su zauna a buro su ƙirƙiro. Ranar kasuwa ta gaba aka fara yi mana ba'a, in mun doso rumfa sai a ce kowa ya dafe aljihunsa ga mutanen garin gwanaye sun iso. Da farko muna ramawa da wasa. Daga baya wata mata ta garinmu ta ce an ƙi ɗaukar ɗanta dako saboda an ji sunan garin da ya fito. Duk da haka ban fito na faɗi gaskiya ba. Na lallashi kaina da cewa magana ce ta rediyo, iska za ta kwashe ta.

Farkon damina aka sace moton wani ɗan kasuwa a hanyar da ta ratsa ta gefen garinmu. Kwana biyu bayan haka, da safe, jandarma suka zo ƙofar mai gari. Babbansu ya zaro takarda daga jaka, tun daga nesa na gane rubutuna. Ashe an ajiye kwafin takardar a buro, kuma da suka rasa inda za su fara bincike sai aka nuna musu. Ba zan ɗora musu laifi ba, an ba su jerin yaran da gari da kansa ya ce ɓarayi ne, da yatsan mai gari a ƙasa. Suka tambaya cikin waɗannan wa ya san kan moto. Kowa ya san amsar, kuma sunansa ne na farko. Aka je aka zo da Baba ƙarami daga bakin rijiya inda yake shayar da awakin uwarsa, wandonsa a jiƙe. Aka karanta masa cewa an taɓa kama shi da sata. Ya ce shi bai taɓa sata ba. Sai babban jandarman ya juyo gare ni, ya tambaya ko ni na rubuta takardar, na ce ni ne. Ya tambaya ko abin da ke ciki gaskiya ne.

Wannan tambayar ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini, ni kuma na rufe ta da hannuna. Jama'ar gari na tsaye, mai gari na zaune, yaron yana kallona. A cikin ɗan lokacin nan abin da ya zo mini shi ne in na ce ƙarya na rubuta, ni za a saka a mota saboda na yi ƙarya a takardar hukuma, kuma daga ranar ba sauran Sakatare. Na ce gaskiya ne. Baba ƙarami bai yi kuka ba. Ya ce mini Kawu ka gaya musu mana, kai ka san komai, kai ke rubutawa. Na ce masa ya bi su kawai, tambayoyi ne za su yi masa, kafin azahar ya dawo. Ban iya kallon fuskarsa ba lokacin da nake faɗin haka, bik ɗin aljihuna nake ta gyarawa.

Bai dawo da azahar ba. Da aka ga yana da tarihin sata a rubuce, ga shi ya iya tada moto ba makulli kamar kowane yaron bakanike, sai aka tura shi gidan kaso a jira bincike. Ya yi wata huɗu a can. Duk ranar kasuwa ƙanwata na dafa abin da ta samu ta ɗaura a kwano, ni ke raka ta saboda ni ke jin Faransanci. Mutanen da ke wurin ranar sun ɗauka takardar ta dole ce hukuma ta sa na cika, ita ma haka ta ɗauka, ba ta san ita ce hanyar da na ce na samo masa ba. A mota tana yi mini godiya, tana cewa ba don ni ba da ba ta san ƙofar da za ta bi ba. Yaron kuwa kowane zuwa sai mu tarar ya ƙara yin shiru. Ba yara kaɗai ke wurin ba, yana cuɗanya da manya waɗanda suka daɗe a harkar. Tun ana zuwa yana tambayar ƙannensa da awaki, har ya koma ya karɓi kwano kawai ya juya.

Wanda ya fasa wannan abu shi ne tsohon Alhajin mai gonar aya. Wata rana ya same ni a gona ina noma, ya tsaya da sandarsa ya ce shi fa abin ya hana shi sukuni. Ya ce ya bi kowa a gari ya tambaya me yaron nan ya taɓa sata, ba wanda ya sani, to ni da na rubuta in gaya masa. Na sunkuyar da kai na ce maganar kalar gonarsa ce. Sai ya ce ashe shi aka yi wa satar bai sani ba, shi da ya auna wa ɓarawon tiya guda da hannunsa. Ya ce gobe in shirya, za mu je wurin alƙali, in kuma na ƙi zai hau amalankensa ya je shi kaɗai, ya yi musu Hausa har sai sun gane. Muka je. A gaban alƙalin tsohon nan ya yi bayanin kala tun daga ƙona ganye har zuwa sakin gona, ya ce in wannan sata ce to a fara kama shi, domin shi ma da kala ya girma, uwar alƙali ma in ƴar ƙauye ce ta yi. Alƙalin ya yi murmushi, sannan ya juyo gare ni. A nan na faɗi komai, da maganar motar kasuwa, da jakin da ya ci wake, da dalilin da ya sa na sa yaron a layin farko.

Na zaci za a rufe ni, kuma a lokacin da an rufe ni da na fi samun sauƙi. Alƙalin bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni yara nawa ne cikin takardar suka yi laifin gaske, na ce huɗu. Ya ajiye bik ɗinsa ya ce yaron zai fita, domin dama ba wata shaida a kansa sai takardata. Amma ya ce in sani, suna yana iya share shi daga shari'a, adadin kuwa ya riga ya tafi, an haɗa shi da na wasu garuruwa an aika gaba, an karanta a rediyo, wataƙila an buga a wani rahoto, ba wanda zai iya bin sa ya dawo da shi. Ya ce in je in ji da mutanen garinmu, su ne hukuncina. Bayan wasu makonni aka gano moton a tsallaken iyaka hannun wasu manyan mutane da ba su da alaƙa da garinmu ko kaɗan.

Da muka dawo ban jira ƙanwata ta ji a bakin wani ba, na je na gaya mata. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta zage ni ba, ba ta ma daina tankaɗen ba sai da na gama. Sannan ta tambaye ni, Yaya, lokacin da kake rubuta sunan, ba ka ga sunan Baba ba ne? Na tara jama'a a ƙofar mai gari bayan sallar Juma'a na faɗi abin da na yi, na bi gidajen yaran da na rubuta ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun ce in bar musu ƙofar gida. Na ajiye aikin sakatare. Amma Baba ƙarami da ya dawo ba shi ne wanda aka ɗauka a bakin rijiya ba. Bakaniken ya ce shi ya yarda da yaron, sai dai masu moto ba za su bar abin hawansu a hannun wanda ya fito daga kaso ba. Yara suka sa masa suna lamba ɗaya. Ya fara zama da waɗancan huɗun, domin su kaɗai ne ba sa matsawa in ya zauna. Ƙwayar da bai sani ba kafin a kai shi, ya dawo ya san ta. Kafin wata kakar ta zagayo ya tsallaka iyaka bai yi sallama da kowa ba.

Shekara uku bai zo ba. Bara ya zo ganin uwarsa da ba ta da lafiya, na same shi a bayan gida yana gyara ƙafar amalanken maƙwabci, hannun nan nasa yana nan yadda yake. Na durƙusa a gabansa, ni kawunsa, na roƙe shi gafara. Ya ce in tashi, ba kyau a ga babba haka. Ya ce ya yafe tun tuni, ya san alheri na nufa. Sai ya ƙara da wata magana, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce bayan ya bar gida, da yunwa da ƙwaya suka haɗu masa, ya yi satar gaske, ba sau ɗaya ba. Ya ce a lokacin yana gaya wa kansa ai an riga an rubuta. Ya ce saboda haka Kawu kada ka damu, takardarka yanzu ba ƙarya a cikinta. Ya ce ya daina, wani mai gareji a can ya ɗauke shi, mutumin da bai san garinmu ba balle ya ji rediyonmu. Na tambaye shi ko zai dawo gida, ya ce a can sunansa kawai aka sani.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, kuma ba ni na biya mafi yawan kuɗinsa ba. Yara na lalacewa a garuruwanmu, wannan gaskiya ne, na ga huɗu da idona kuma na san abin da ya kai su: uba ba ya nan, gona ta ƙanƙance, lakol ta ƙare a aji shida, rani ya yi tsawo, ƙwaya ta fi abinci sauƙin samu. Amma na biyar ni na yi shi, da bik. Yanzu in na ji an karanto adadi a rediyo ana cewa gari kaza ya fi yawan yara masu laifi, gari kaza ba ko ɗaya, sai in tambayi kaina wane ne ya zauna ya cika takardar, me aka gaya masa a mota, kuma me mai garin da ya ce babu yake rufewa. Ina roƙon masu tattara irin wannan bayani su riƙa zuwa da ƙafarsu su tambaya, su bar wurin rubuta abin da aka sasanta a gida, kada kuma su karɓi sunan yaro in adadi kawai suke so. Masu rediyo su yi tunani kafin su kira sunan gari.

Ku kuma ƴan'uwana masu rubuta wa masu gari, da duk wanda Allah ya ba ɗan ilimi a cikin waɗanda ba su da shi, ku ji tsoron abin da hannunku ke sa wa a takarda. Maganar da aka yi a ƙofar mai gari tana mutuwa in an sha fura an tashi, wadda aka rubuta kuwa tana tafiya inda ba ku aike ta ba. Kada kwaɗayin taimako ya sa ku ƙara ko suna ɗaya. In kuma kun riga kun yi kuskure aka tambaye ku a gaban jama'a, ku faɗi gaskiya a karon farko, domin wata huɗun da yaron nan ya yi, kalma ɗaya daga bakina da ta hana su. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, Allah ya tsare shi inda yake, ya dawo da shi gida wata rana. Uwarsa duk kaka sai ta ware masa tiya guda ta aya ta ɗaure a buhu, ko zai zo. Ni kuwa gonata tun ranar da aka fara rairaya nake cewa na sake ta, duk yaron da ya ga dama ya shiga.